Kaskar Karen Ruwa a Kunnen Ɗan Fari

To, ku gyara zama. Mai ɓarar gyaɗa ta ci gaba da ɓara, amma ta ba bakinta hutu. Ga magana nan tafe gare ku, ba kuwa tatsuniya ba ce, don wadda abin ya faɗa wa ga ta zaune a gabanku da ranta da sauran haƙoranta. Kun sha jin gutsattsarinta a bakin wasu, yau ku ji ta daga bakin mai ita.

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar sunan ɗana na fari. Nakan manta abin da na ci jiya, nakan manta inda na rataye carbi, amma wannan rana ta ƙi tsufa. Har yau in ta faɗo mini ina tsakiyar alwala, sai in ji fuskata ta ɗauki zafi, in waiga ko wani na kallona.

Lokacin ba a daɗe da sauke tutar Bature ba. Mu dai a Taba abin da muka gani shi ne an yi kiɗa an yi rawa, gari ya waye kowa ya ɗauki fartanyarsa. Ni kuwa an kai ni aure Kurmin Kogi, can ƙasar Ikara, gidan manoman rake, masu ɗan taɓa kamun kifi in ruwa ya fara ja da baya. Da cikina ya tsufa aka maido ni gidanmu goyon ciki, kamar yadda ake yi wa duk mai haihuwar fari. Ƙarshen damina na sauka lafiya, namiji.

Sai na gaya muku ko wace ce ni a wancan zamani, in ba haka ba ba za ku gane zurfin ramin da na faɗa ba. Ni ce mai kunyar Taba. Ba ni na raɗa wa kaina ba, mata ne. In uwa za ta yi wa 'yarta faɗa, da ni take misali. Ban taɓa cin abinci gaban baƙo ba, ba a taɓa jin dariyata daga zaure ba. Ina kuwa jin daɗin sunan nan ƙwarai (Allah ya yafe mini, kaina na sunkuye ne amma kunnena na waje, ko zan ji ana yabona).

Kunyar ɗan fari kuwa a lokacinmu ba wasa ba ce. Uwa ba ta kallonsa, ba ta ɗaukarsa gaban mutane, ba ta kiran sunansa har ta koma ga Allah. In za a ba shi nono sai tsofaffi sun daka mata tsawa, sannan ta karɓa tana kallon bango kamar an ɗora mata ɗan wata. In ya yi kuka, kurma ce. Ladi, 'yar kawuna, taubashiyata, ta riga ni haihuwa da shekara guda, aka kama ta tana yi wa nata murmushi tun kafin suna. Ni ce na kai labarin bakin rijiya, na ƙara masa gishiri. Na kuma yi wa kaina alkawari, in tawa ta zo, sai an daɗe ana ba da labarina.

An kuwa daɗe ana bayarwa. Wannan kam Allah ya amsa.

Surukina, uban kakanku, mutumin fadama ne. Baban Kurmi nake ce masa, don ba a kiran sunan suruki. Dogo ne, mara son magana, yakan wuni bai ce komai ba in ban da sallama da amsa ta. Yana da tarkunan kifi da yake saƙawa da hannunsa, yana kuma da abokan gaba a cikin ruwan nan, su ne karnukan ruwa. Ku ba ku san karen ruwa ba, yanzu ya yi wuyar gani. Ba kare ba ne. Wata dabba ce doguwa, sumul, mai kaurin wutsiya, gashin bakinta kamar na kyanwa, hannuwanta kuwa in ta riƙe ƙaguwa tana ci sai ku rantse na jariri ne. Sukan yage masa tarko su cinye kifin su bar masa kawuna. In na kai abinci fadama nakan hango su kwance cikin ciyawar bakin ruwa, daidai inda shanun Fulani ke sauka su sha, suna shan hantsi suna susar wuya da ƙafar baya. Wata rana karnukan gida suka kashe ɗaya, aka jawo shi tsakar gida muka taru kallo. Na sunkuya na duba bayan kunnensa da wuyansa, sai ga kaska jere cikin gashi, wasu kamar ƙwayar riɗi, wasu sun ƙoshi da jini sun kai ƙwayar wake. Na ce a raina, ashe ruwa ba ya kashe kaska. Na koma bakin murhuna, ban sake tunawa ba.

Mutanen fadamar nan suna da wani abu da suka gada. In aka kwantar da jariri kan fatar karen ruwa kafin a yi masa askin suna, sun ce ruwa ba zai ci shi ba. Da labarin haihuwa ya isa Kurmin Kogi, Baban Kurmi bai ce wa kowa komai ba, ya ɗauki mashi ya sauka fadama ya yi kwanto har ya samu ɗaya. Ya feɗe shi, ya shafe cikin fatar da toka, ya ɗan shanya ta, bai jira ta bushe ba don kada suna ya wuce. Ya danƙa wa ƙanwarsa, Gwaggo Laraba, wadda za ta riga su zuwa da kayan barka.

Gwaggo Laraba mace ce mai murya, in tana raɗa maƙwabta ke amsawa. Ta shigo ɗakin jego ta warware fatar ta shimfiɗa a gefen gadona. Iya Kande, ungozomar da ta yanke mini cibi ta kuma yanke wa ɗana, ta shafa fatar, ta kai hannu hanci.

"Laraba, fatar nan da sauran ɗanyenta. A kai ta rana a kakkaɓe, ko da ƙwaro."

"Ƙwaro? Haba Iya! Dabbar da ke kwana a ruwa ta wuni a ruwa? Ai ta fi ni da ke wanka. Yaya da hannunsa ya feɗe ta, ya ce kada a sauke yaron daga kai sai wanzami ya gama."

Ina kwance na ba su baya, na ji duk. Na san abin da idona ya gani a Kurmin Kogi. Amma ina surukar da za ta buɗe baki ta ce kyautar uban mijinta da kaska? Kuma ina ruwan mai kunya da inda za a kwantar da ɗan fari? Na ja mayafi na ƙara rufe kai. Aka kwantar da shi.

Ɗakin jego na da duhu ne da hayaƙi, ga wuta ƙarƙashin gadon ƙasa dare da rana. Iya Kande idonta ya yi rauni, da laluben hannu take yi wa jariri wanka. Sauran mata kuwa fuska suke dubawa, su ce hancin wane ne, goshin wance ne. Ba mai leƙa kunne.

Sai ni.

I, ni ɗin nan. Don kuwa mai kunyar Taba, da zarar ɗaki ya yi shiru, mata sun fita daka ko salla, sai ta mirgino a hankali. Ta sansana ƙeyarsa. Ta buɗe ɗan tafin hannunsa ta sa yatsa ya damƙe. Ta leƙa tsakanin yatsun ƙafa, ta hura masa iska a goshi ta ga yadda yake yamutsa fuska. In ta ji tafiya, sai ta koma bango ta kama minshari.

Ranar jajiberen suna, da la'asar sakaliya, rana ta shigo ta bakin ƙofa ta sauka daidai kansa. Kwana biyun nan yana ta ƙananan koke-koke, yana murza kai jikin fatar, ana cewa cibi ne ke damunsa. Na juya kunnensa na hagu, sai ga wani abu maƙale cikin lanƙwasar sama, ruwan toka, yana sheƙi. Na sa farce na ɗan taɓa. Ya motsa ƙafafu.

Ita kaska ba a fizgar ta, in aka fizge sai kan ya zauna cikin nama ya ruɓe. Ina cikin neman inda zan kama, sai inuwa ta rufe ƙofa. Gwaggo Laraba ce. Ta gan ni sunkuye kan yaro, hannuna a kansa.

Me kuke tsammani na yi? Ture shi na yi. Na ce, "A kawar da abin nan, ya dame ni da kuka."

Gwaggo ta rangaɗa guɗa. "Ku zo ku ga 'yar mutunci! Wallahi gidanmu ya yi dace. Ko kusa da ita ba ta so a ajiye shi!" Ta sungume shi da fatar duka ta rungume. Mata suka shigo ana ta sa mini albarka. Ni kuwa, in gaya muku gaskiya, har wani ɗan sanyi na ji a rai. Ɗana na hannun Gwaggo kaska na shan jininsa, uwarsa na kwance tana shan yabo.

Kafin magariba aka zo da lalle. Aka cusa mini hannuwa cikin zunguru, dogon goran nan da ake ƙunshi da shi, aka ɗaure ƙafafu da ganye da tsumma. Na zama kamar akuyar da za a kai kasuwa, ko ƙuda ba na iya korewa.

Na ce bari in gwada ta baki. Inna kam ba hanya, don ni ma 'yar fari ce a wurinta. Tun da na yi wayo ba ta taɓa duban tsakiyar idona ta yi mini magana ba, in za ta aike ni sai ta gaya wa bango. Saura Iya Kande. Na jira ta zo gyara wuta, na yi ƙasa da murya.

"Iya... wancan abin naku. Kamar kunnensa..."

Ita Iya kunnenta ma ya fara nauyi. Ta ɗaga murya. "Me kika ce? Kunnen wa?"

Ladi na zaune bakin ƙofa tana tsintar shinkafa, ta ɗago kai, idonta na ƙyalli.

"Au, mai kunya, har an kai ga leƙen kunne? Yaushe aka fara?"

Na ce, "Ni ban ce komai ba. Hayaƙi ne ya shaƙe ni."

Na yi wa kaina dabara, na ce gobe da asuba za a kwance lalle, in an kawo shi shan nono sai in lallaɓa in cire a ɓoye. Da asuba aka kwance. Aka kuma kawo shi, amma ɗaki cike da 'yan suna, har daga Janfalan, kowace ta zuba ido ta ga kunyar da ake ba da labari. Sai na ba su abin da suka zo gani: fuska a bango, hannuwa a baya, Gwaggo ce ke tallafe da kansa. Ya gama, ta ɗauke shi.

Daga ƙofar gida muka ji an shafa fatiha, maroƙi ya ɗaga murya ya faɗi suna. Sunan Baban Kurmi aka mayar. Wato sunan nan ya fi ƙarfin bakina ta hanya biyu, ga na ɗan fari, ga na suruki. (Wanda ya san shi ya san shi. Wanda bai sani ba kada ya sa rai zai ji daga gare ni. Rana ɗaya na faɗe shi a duniya, ta isa.)

Hantsi ya yi, Iya Kande ta ja ni bayan ɗaki wankan jego. Ta tsoma ganyen runhu cikin tafasasshen ruwa tana fyaɗa mini a baya, ni daga ni sai wani tsohon zane ɗaurin ƙirji, kai ba ɗankwali, kitso ma rabi aka yi, ɗaya gefen a tsefe yake. A daidai lokacin ne Baban Kurmi, wanda ya iso da mazan gidansu, ya roƙi a yi askin a bakin zaure, don ya ga takwaransa kan fatar da idonsa. Gwaggo ta fita da yaron. Maza ba su watse ba, ana raba goro, mahauci na fiɗar rago.

Wanzamin garinmu Tanko ne. Shi ya yi mini askin suna, shi ya yi wa rabin mutanen Taba. Ya tsufa, idonsa ya yi hazo, amma ba wanda ya isa ya gaya masa.

Ina durƙushe tururi na tashi a jikina, sai ga Ladi ta leƙo ta danga.

"Iya, wai ki zo ki gani. Tanko ya ce yaron da ɗan tsiro a kunne, irin na cindo. Ya ce gara a yanke tun yana ɗanye. Ga shi can yana wasa aska."

Iya ta ce, "To, bari in gama da wannan."

Daga nan, 'ya'yan nan, ban san wace ce ta tashi ba. Ni dai na san na ji kukan yaron daga zaure, irin wanda bai taɓa yi ba, na ga ƙwaryar wanka ta kife, na ga Iya Kande zaune cikin taɓo da ganye a hannu. Na ratsa tsakar gida, na tsallake masu tuƙa tuwo, na bangaje wata baƙuwa da akushi a ka, na shiga zaure na fita ta ɗaya ƙofar.

Ku tsaya ku ga abin da mazan Taba da na Kurmin Kogi suka gani. Mace ce jiƙe sharkaf, tana hayaƙi kamar an tsamo ta daga tukunya. Ganyen runhu manne a kafaɗa da wuya. Rabin kai kitso, rabi a tsaye. Hannuwa da ƙafafu jawur da lalle. Tana gudu tana ihu.

Abin da take ihun kuwa, sunan ne. Ɓaro-ɓaro, ba sau ɗaya ba, har da ƙarin "nawa" a ƙarshe.

Tanko ya riga ya kama kunnen da yatsu biyu, aska na ɗaya hannun. Na doke hannun, askar ta yi sama ta faɗa cikin ƙwaryar goro. Na fizge yaron daga cinyar Gwaggo.

"Kada ka taɓa mini ɗa! Makaho kawai! Ba tsiro ba ne, kaska ce!"

Tanko ya ce, "Innalillahi! Wannan wace ce? 'Yar gidan wa ce?"

"Kaska ce na ce! Ta mushen fatar nan ce da aka kwaso mana daga fadama! Tun jiya na gan ta, tun jiya take shan jininsa!"

Kun dai ji. A numfashi ɗaya na kira sunan da ba a kira, na zagi tsohon da ya yi mini askin suna, na ce wa kyautar surukina mushe, na kuma shaida wa gari cewa mai kunyar Taba leƙen kunnen ɗanta take yi. Ban kuma tsaya nan ba. Na zauna daɓas kan tabarmar da ta fi kusa, na sa shi a nono, ina jijjiga shi ina cewa, "Yi shiru ɗana, yi shiru abin ƙaunata, ni ce, ga uwarka, ba mai yanka ka."

Ya yi shiru. Da ya yi shiru ne na ji ashe duniya ma ta yi.

Na ɗago ido kaɗan. Mahauci na tsaye, wuƙa a hannu ɗaya, ƙafar rago a ɗaya, baki buɗe. Liman ya ƙura wa carbinsa ido kamar yau ya fara ganin sa. Babana ya ja hula ya rufe fuska. Kakanku, da ke can gindin tsamiya cikin abokansa, ƙeyarsa kawai na hango yana shigewa gonar dawa (ba a sake ganin sa ba sai la'asar). Sannan na duba tabarmar da nake kai. Gwiwata na taɓa gwiwar wani. Na bi gwiwar da ido zuwa sama.

Baban Kurmi ne.

Shi bai dube ni ba, ƙasa yake kallo. Ya ce, a hankali, "A ba ni man shanu."

Aka kawo. Ya lakato ya shafa a kunnen, yaron na bakin nono, ni na sandare kamar itace. Ya sa farata ya kama ta daga can gindi, yana ja kaɗan-kaɗan, har ta fito ɗungurungum, bai bar komai a nama ba. Ya ajiye ta kan dutse. Ta fara jan ciki. Maza suka matso.

Tanko ya sunkuya har hancinsa na neman taɓa dutsen. Ya ɗago ya ce, "Yo ai ni ma ita zan cire."



Baban Kurmi ya jawo fatar, ya buɗa gashin wuya da yatsa, ya buɗa na bayan kunne. Ga 'yan uwanta nan, wasu sun mutu, wasu na rarrafe suna neman inda jini yake, tunda mai su ya mutu ya bar su da yunwa. Ya daɗe yana kallo. Ya naɗe fatar ya miƙa wa wani daga mutanensa, ya ce, "Garaje na yi. A sa ta a wuta." Sannan, har yanzu idonsa na ƙasa, ya ce, "'Yar nan, tashi ki shiga ciki. Iska za ta buge ki."

Da duka ya sa aka yi mini da ya fi sauƙi. Tashin nan shi ne aiki. Zane ya jiƙe ya manne, hannu ɗaya na riƙe da yaro, ɗaya na riƙe da zane, ba na ukun da zan rufe fuska. Sai wani hannu ya fito daga cikin zaure ya jefo mayafi ya lulluɓe ni ruf. Hannun Inna ne. Gwaggo Laraba ta zare yaron daga jikina ba tare da ta dube ni ba, ni kuma na laluba ƙofa kamar makauniya.

Da na shiga tsakar gida, mata sun dare biyu kamar za a wuce da amarya. Ladi ce ta fara magana.

"Sannu da aiki, mai kunyar Taba. Ni fa murmushi kawai na yi."

Gida ya kece da dariya, har da baƙuwar da na zubar wa tuwo.

Ranar ban yi kwalliyar suna ba. Atamfar na nan ninke, ni ina lungun gado bayan tukwane. Da yamma masu kiɗan ƙwarya suka sa ni a waƙa, kafin kuma kasuwar Makarfi ta ci, labarin ya riga Gwaggo isa gida. Ita Gwaggo ta tafi ba ta yi mini sallama ba. Saƙo ta bari wurin Iya Kande: ita dai a gabanta aka kira kyautar yayanta mushe cikin mazan wani gari, sai in nemi fuskar da zan koma Kurmin Kogi da ita.

Maganar nan ita ta cinye mini kwana arba'in ɗin. Kunun kanwa ba ya wuce mini. Ina ta saƙe-saƙe, ko za su aiko a ɗauke ni, ko kuwa za su bar ni in yaye musu yaro su karɓe abinsu. Har ranar ta zo, sai ga 'yan aike da jaki.

Da muka isa, dole in je gaida Baban Kurmi. Na same shi bakin zaurensa yana gyaran tarko. Na durƙusa daga nesa, na lulluɓe har ƙasa. Iya Kande, da ta rako ni, ta ajiye masa yaron a cinya. Aka yi gaisuwa, ya tambayi Babana, ya tambayi Inna, ya tambayi ruwan bana a Taba da yadda gero ya yi. Ni dai "lafiya lau" nake yi can cikin maƙogwaro. Ya juya kunnen yaron ya duba, ɗan tabo ne ya rage kamar ƙwayar gero. Har na zaci ya sallame ni. Sannan ya yi magana, kamar ba da ni yake ba, kamar da tarkon yake.

"Ni ma na yi ɗan fari, kafin mijinki. Ranar da ya nufi kogi ina zaune cikin mutane, ina ganin sa. Na ce wani zai kira shi. Bai dawo ba."

Ya ci gaba da saƙa. Ban taɓa jin labarin yaron nan ba kafin ranar, ban kuma sake jin sa a bakin kowa ba. Can ya ce, "Shiga ɗakinki, 'yar nan. An share miki."

Kada ku ce maganar nan ta wanke ni. Ni na san tun la'asar ɗin jajibere na ga kaskar nan, na bar ta ta kwana a kunnen jariri don kada Ladi ta yi mini dariya. Da na daure na ƙarasa wa Iya Kande maganar, matan ɗaki guda ne za su yi dariya, su gaji su bari. Na ƙi, sai da na tara garuruwa biyu, da liman, da mahauci. Abin da na koya ke nan, ba shi da yawa: in dai mace za ta zubar da kunya, ta zubar tun da wuri, a cikin ɗaki, da ɗankwalinta a ka.

Tanko wanzami bai sake taka gidanmu ba, ɗansa yake aikowa, har ya rasu kuwa yana gaya wa mutane shi ya gano kaskar. Iya Kande ta yi ɗingishi na ɗan lokaci saboda faɗuwar nan, ta yafe mini, amma duk haihuwar da ta karɓa bayan nan sai ta sa mai ido ta leƙa mata kunne. Gwaggo Laraba ta yi shekaru ba ta cin abincina, sai da ciwon ƙafa ya kwantar da ita ta ga ba mai jinyarta sai ni. Ranar da ta fara karɓar kokona ta leƙa ciki ta ce, "Ba mushe dai ko?" Ladi ta tsufa a Kudan, jikoki fal, ba ta kuma fasa ba da labarin a kowane suna ba, kullum ƙara mini ganye take yi a wuya. Baban Kurmi bai sake ɗaga wa karen ruwa mashi ba, suka yi ta cin kifinsa har Allah ya karɓi ransa. Kakanku, Allah ya jiƙansa, bai taɓa tayar da maganar ba, sai dai in gardama ta haɗa mu ya ga zan fi shi baki, sai ya ce, "To, ni dai ban taɓa fita zaure ina hayaƙi ba." Ni kuma in ce gara ni, ban shiga gonar dawa ba. Yaron kuwa kun san shi, shi ne Alhajinku na Makarfi mai motocin rake, da kunnuwansa biyu cif. Ban sake kiran sunansa ba, ban sake ɗaukarsa gaban mutane ba. Na koma kunyata kamar ba abin da ya faru, sai dai ba wanda ya ƙara yarda.

Ni kuma ga ni. Yanzu ina zaune ina ganin 'yan matan gidan nan, mace ta haihu yau, gobe ta ɗaga ɗan fari sama tana sumbata tana kiran sunansa gaban uban mijinta. Nakan buɗe baki in ce, "Kai, 'ya'yan zamani, ba ku da..." Sai ɗaya daga cikinku ta kama kunnenta na hagu ta ɗan ja, tana kallona.

Sai in ce a miƙo mini goro.